Kafin a kira dillali: buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga zuri'ar Iya

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga Baffa Babba, wanda yanzu shi ne uban gidanmu, da Baffa Ƙarami, da Goggo Babba da Goggo Ƙarama, da sauran iyaye da yayye da ƙanne, na cikin birni da na waje, har da danginmu na Kumasi da rasuwar ta iske ta waya.

Ina durƙusawa ina gaishe ku, ina kuma ƙara yi mana ta'aziyya. Allah ya jiƙan Iya, ya haskaka kabarinta, ya sa ta huta. In tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani.

Na san ba tarbiyyar gidanmu ba ce 'ya ta tsaya gaban iyayenta tana dogon jawabi, balle ta rubuta shi inda duniya za ta gani. Ku gafarce ni. Ranar sadakar arba'in, da baƙi suka watse, maza kun zauna a zaure, mu kuwa muna cikin gida muna wanke tukwane. Ba a kira mu ba, ba mu kuma sa ran a kira mu ba. Yara ne suka riƙa shigo mana da labari guntu-guntu: wai an tsayar da magana za a kira dillali bayan ƙaramar Sallah, wai har wani mai kuɗi ya taya gidan zai rushe ya yi shaguna, wai kuma za a buga kalanda mai hoton Iya a raba wa dangi. Ban ji daga bakinku ba. In yara sun ƙara gishiri, laifina ne da na ɗauka. Sau biyu ina zuwa wajen Baffa Babba da niyyar in faɗa masa baki da baki, sau biyun kuka na cin ƙarfina, in ɓige da gaisuwa in tashi. Ga shi zuri'ar ta warwatsu, wasu na Legas, wasu na Abuja, babu zauren da zai ɗauke mu gaba ɗaya. Shi ya sa na rubuta. Ban ambaci sunan kowa ba, ban faɗi unguwa ba. Mai gida ya san gidansa.

Kada a fahimce ni a karkace, ba jayayya nake yi da rabon gado ba. Allah da kansa ya raba shi a cikin Suratun Nisa'i, bai bar wa son zuciyar kowa ba. Tun da kakana Malam, mijin Iya, ya rasu a 1985 ba a raba gidan nan ba, saboda babu wanda ya iya kallon idon Iya ya ce a kawo ma'auni. Kunya ce mai kyau, amma ta danne haƙƙin mutane kusan shekara arba'in. Wasu magadan sun mutu ba su ga rabonsu ba, mahaifina na cikinsu. Goggo Ƙarama tana gidan haya da marayu, duk ƙarshen shekara sai an yi mata karo-karo. Duk wanda ya ce mata ta ƙara haƙuri alhali shi yana kwana a gidan kansa, bai yi adalci ba. A raba. Ni ma ina cikin masu cewa a raba.

Ku kuma san matsayina. A cikin abin da Iya ta bari da hannunta ba ni da ko allura, domin mahaifina ya riga ta, kuma in akwai ɗa namiji a raye 'ya'yan ɗan da ya mutu ba sa gado. Na sani, na yarda. Ɗan abin da nake da shi shi ne wanda zai gangaro mini daga gadon Malam ta wajen mahaifina, shi ma in an kasa shi tsakaninmu bai taka kara ya karya ba. Roƙona ɗaya ne: ku tuna abin da ke cikin gidan kafin ku sa masa kuɗi.

Iya ba ta da takardar haihuwa. In an tambaye ta shekarunta sai ta ce ai ba ita aka ba ƙirga ba. Abin da mahaifiyarta ta gaya mata shi ne an haife ta shekarar da aka naɗa Sarki Alhaji, wato Abdullahi Bayero, a 1926. Ke nan ta yi casa'in da bakwai da 'yan kai a lissafin Bature, a lissafin wata kuwa ta cika ɗari. Sarakunan Kano shida ta gani, kuma da su take auna lokaci: kaza ya faru zamanin Sanusi, kaza Ado na sabon hawa. Tana 'yar ƙanƙanuwa aka jawo ruwan famfo daga Challawa aka kunna lantarki a birni a 1931, amma har ta koma ga Allah ruwan randa take sha, ta ce na firji sanyi ne kawai, ba ya kashe ƙishirwa.

Tana shekara goma sha huɗu aka kawo ta gidan nan. In ban da goyon ciki da aikin Hajji, ba ta ƙara yin wata guda a wani wuri ba. Shekara tamanin da uku a gida ɗaya. Waninmu a cikin shekara goma ya canza gida uku.

Mahaifina ne ɗan farinta. Ta haife shi a cikin yunwar 'Yar Gusau, wajen 1942, ana tsakiyar yaƙin Hitila, ana kwasar maza wasu zuwa soja wasu zuwa haƙar kuza a Jos. Ta ce a lokacin dusa ma sai mai gata. Kun san yadda alkunya take a wajen mutanen da, amma ta Iya ta wuce misali. Ba ta taɓa faɗin sunansa ba, ba ta taɓa yi masa magana kai tsaye a gaban mutane ba, sai dai ta ce “ku gaya wa wancan”. Shi kuma da aka haife ni ya sa mini sunanta, sai ya zama ba ya iya kiran sunan 'yarsa, shi ya sa har yau kuke ce mini Ummi. Uwa ba ta faɗin sunan ɗa, ɗa ba ya faɗin sunan 'ya, a haka muka zauna lafiya. Ranar da aka fito da gawarsa a 1998 mata na ta kuka, ita kuwa tana zaune a kan buzunta, abin da ta ce kawai shi ne a tafi da shi, ta yafe masa. Wasu har sun yi gulmar taurin zuciyarta. Ni ce nake kwana a ɗakinta. Da tsakar dare na farka na ji ta a sujada tana cewa, “Ya Allah, ka san wanda nake nufi.” Ko a gaban Ubangiji ba ta faɗi sunan ba. Ban taɓa gaya wa kowa wannan ba sai yau.

Haihuwa goma sha ɗaya ta yi, biyar suka girma. Sauran ƙyanda da agana da zazzaɓi suka kwashe, wasu ko yaye ba a yi musu ba. Shi ya sa da 'yan lamba suka shigo unguwa a ƙarshen shekarun 1960, lokacin da ake yaƙi da agana, mata na ɓoye 'ya'ya a bayan randa da ƙarƙashin gado, ita kuwa ta tattara duk yaran gidan ta jera su a ƙofar zaure. Ta ce ita ta ga abin da agana ke yi wa fuskar yaro, tabon lamba ado ne. Baffa Babba, na san naka tabon yana nan a damtsenka.

Baffa Ƙarami, ka yafe mini zan taɓo abin da ba a faɗa. Mahaifiyarka, Allah ya jiƙanta, ta rasu kana ɗan kwana ashirin, shekarar da aka sami 'yancin kai. Iya na goyon Goggo Ƙarama, sai ta haɗa ku biyu, kai a dama ita a hagu. Da bakinka ka gaya mana ba ka san ba ita ta haife ka ba sai da aka zo maganar aurenka. Shayarwa tana haramta aure amma ba ta kawo gado, don haka kai ma, kamar ni, ba ka da komai a abin da ta bari. Na tabbata wannan bai rage maka komai a zuci ba. Na faɗa ne don ƙananan jikoki su san irin matar da ake maganar gidanta.

Yanzu ga abin da yawancin yara ba su sani ba, wataƙila ma wasu manya sun manta. Gidan nan gida biyu ne. Na gaba, mai fuskantar titi, da zaure da shigifa da turakar Malam da ɗakunan tsakar gida, na Malam ne. Na baya kuwa, mai ƙaramar ƙofa ta lungu, inda ɗakin Iya yake da madafi da rijiya, kango ne na maƙwabta da ta saya da kuɗinta zamanin Sanusi, aka fasa katanga aka haɗe. Mai unguwa na lokacin ya shaida, takardar tana cikin adakarta da rubutun ajami, na gan ta da idona.

Da me ta saya? Da mazari da turmi. Tana kulle, ba ta taɓa zuwa kasuwar Kurmi da ƙafarta ba, amma zarenta ya je. Ta gurza auduga, ta shiɓe, ta shafa alli a yatsu ta yi ta kaɗi har fitila ta mutu, abawa daban, siririn zare daban, dillaliya ta zo ta ɗauka ta kai wa masaƙa. Da masaƙun zamani suka buɗe, tun daga ta Kaduna a 1957, yadin kanti ya cika gari, kaɗi ya daina ciyar da mai shi, sai ta mayar da ƙarfinta kan gyaɗa. Lokacin ne dalar gyaɗa ke tsaye a Kano, ana lodi a jirgin ƙasa zuwa Legas. Duk wanda ya buɗe littafin tarihi zai ga hoton dalar da sunan attajirai irin su Alhassan Ɗantata, ba zai ga matan da ke soya gyaɗa a cikin kulle, su dake, su matse mai a kwalba, su mulmula tunkuza su toya ƙuli-ƙuli ba. Iya na cikinsu. Goggo Babba, ke ce mai tallan, kin fi ni sanin nauyin farantin. Da fari da cutar gyaɗa suka haɗu suka kashe noman a tsakiyar shekarun 1970, ta koma koko da ƙosai da kayan miya. Ba ta taɓa zama hannu rabbana ba. Kujerar Makka ma da kuɗinta ta biya, shekara biyu bayan jirgin alhazai ya faɗi a filin jirgin Kano a Janairun 1973 mutum 176 suka rasu. Ana ta ba ta baki ta dakata, ta ce mutuwa ba ta buƙatar jirgi. Ta dawo aka fara ce mata Hajiya, ta ce a bar mata Iyarta.

Ƙaramar ƙofar nan ta lungu ita ce dalilin wasiƙata.

Ta nan almajirai ke shigowa da magariba. Ban san shekarar da aka fara ba, domin ko Goggo Babba ta ce ta taso ta tarar ana yi. Tukunyar ƙarfen nan mai kunne biyu kullum sai ta hau murhu, tuwon dawa ko na masara da miyar kuka, a kwashe na gida, sauran a yi malmala ƙanana. Ba ta yarda a ba almajiri ƙanzo ko abin da ya kwana, ta ce wanda ba za ka ba ɗanka ba kada ka ba ɗan wani. Ta san su da garuruwansu. In ɗaya ya kwana biyu bai zo ba sai ta aika tsangaya a dubo. Ranar jana'izarta kun ga wani dattijo mai furfura da ya zo daga wajen Haɗeja ya zauna a lungu yana hawaye, ya ƙi shiga zaure. Na kai masa ruwa, ya ce mini shi ta wannan ƙofar ya san gidan.

Ta nan kuma baƙi suka shigo a ƙarshen 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takarda sati biyu su bar Ghana. Ƙanen Malam, wanda fataucin goro ya zaunar a Kumasi, ya sauka daga babbar mota da mata biyu da yara tara, ba su da komai sai ƙunshin tufafi. Yaran ko Hausar Kano ba sa ji sosai, ana ta yi musu dariya. Iya ta kwashe jerenta ta zuba a buhu, ta bar musu ɗakinta, ta koma rumfar madafi. Shekara biyu suka yi. 'Yan'uwana na Kumasi, iyayenku ne waɗannan yaran. Ku tambaye su.

Haka a farin 1973, da dabbobi suka ƙare tun daga nan har Agadas, Buzaye suka cika Kano da mata da yara. Hatsi ya yi tsada, Malam ya ce a rage. Ba ta yi masa musu ba, ba ta kuma rage ba. Ruwa ta ƙara wa kunun, yawan kwanukan bai canza ba.

Ban da masu yaji. Wannan ba sai na yi bayani ba, don akwai aure fiye da goma a danginmu da unguwarmu da ke tsaye yau saboda matar ta sami inda za ta kwana uku ta huce ba tare da ta kai ƙara gidansu ba. In miji ya zo biko, Iya ba ta barinsa ya tsaya a zaure wajen maza. Ta lungu zai zagayo, ya durƙusa a bakin madafi hayaƙi na shigar masa ido, ta wanke shi tas, sannan ta shiga ɗaki ta wanke matar ita ma. Wasu daga cikin masu karanta wannan sun sha hayaƙin nan. Ba zan nuna kowa ba.

In kun shiga ɗakinta ku duba bayan ƙyaure. Akwai zane-zanen gawayi a bango, layi-layi, wasu an goge an sake. Littafin bankinta ke nan. Ita ce uwar adashin unguwa fiye da shekara hamsin, kowace mai zubi da layinta, kuma ban taɓa jin an yi rigimar kwabo ba. A wajenta ake ajiya: ɗan kunnen gwal, kuɗin sadaki, takardar fili, kowanne a ƙulle cikin tsummansa. Da aka yi canjin kuɗi a 1984, aka ba da 'yan kwanaki kawai, ta tara Baffannina ta ba kowa ƙulli-ƙulli ya je ya bi layin banki, ta ce kada a haɗa na wata da na wata. Aka dawo ta mayar da kowanne cikin tsummansa. Ita da har ta rasu ba ta daina lissafi da fam da sule ba, ko da yake tun 1973 naira ta zo. Naira ɗari biyu a bakinta jaka ce. Ta shiga ajin yaƙi da jahilci zamanin Rimi, ta koyi rubuta lambobi da sunanta, ta yi wata uku tana rubuta adashi a littafi, sai ta koma gawayinta. Ta ce littafi yana ɓata, bango ba ya zuwa ko'ina.

Ba zan mayar da ita waliyyiya ba, ita ma ba za ta so ba. Iya tana da faɗa, bakinta kuwa in ta sare ka sai ka kwana kana juyi. Surukanta sun ɗanɗana, mahaifiyata ma ta sha kuka a ɗaki. Ta tsaya kai da fata kan wankan jego da tafasasshen ruwa da kunun kanwa, duk da likitoci sun daɗe suna gargaɗin abin da suke yi wa zuciyar mai jego, sai da muka yi dabarar sirka ruwan a ɓoye. Ita ce kuma ta sa aka cire Goggo Babba daga makaranta aka yi mata aure tana shekara goma sha uku, ta ce boko ba na mata ba ne. Goggo, na san wannan bai bar ranki ba. Amma ina so ki sani, lokacin da mahaifina ya rasu ina shekarar farko a kwalejin horon malamai, aka fara cewa a yi mini aure a huta, Iya ce ta sauke tasoshinta da fantekokin jerenta, waɗanda ta tara tun tana amarya, ta ba dillaliya. Da ta miƙo mini kuɗin ta ce, “Kishiya, na yi kuskure sau ɗaya, ba zan maimaita ba.” Ba ta iya ce miki ki yafe mata ba. A wajena ta biya bashin. Albashin da nake ɗauka yau, naki ne rabinsa.

Kishiya take ce mini, ni ma haka nake ce mata. Jikoki maza kuwa duk mazanta ne, kowa ya shigo sai ta tambaye shi kuɗin cefane. A zaɓen 1979, karon farko da ta jefa ƙuri'ar zaɓen ƙasa, domin a na 1959 ba a ba matan Arewa dama ba, ta yafa mayafi ta je ta zaɓi mabuɗi, alamar jam'iyyar PRP, saboda Malam Aminu Kano. Ta dawo tana cewa sai da ta haura hamsin aka tambaye ta ra'ayinta. Na tuna wannan maganar ranar arba'in, ina wanke tukunya.

To ga abin da nake roƙo.

Gidan gaba, na Malam, a raba shi yadda shari'a ta ce. A samo malamin da ya san lissafin gado sosai, domin mutuwa ta hau kan mutuwa, ga tumunin Iya da ba a taɓa fitarwa ba, kowane kaso sai an bi shi daki-daki. In sayarwa ce mafita, a sayar. Raina zai sosu in ga shaguna a inda zauren Malam yake, kamar yadda ya sosu da sauran gidajen unguwa da suka koma kantuna, amma sosuwar raina ba ta kai kuɗin hayar Goggo Ƙarama ba.

Gidan baya kuwa, na Iya, mutum uku ne kawai ke da shi: Baffa Babba rabi, Goggonnina rubu'i-rubu'i. Iya ba ta bar wasiyya a kansa ba, ba zan kuma ƙaga mata maganar da ba ta yi ba. Ba wanda zai tilasta muku. Ina roƙon ku ne ku cire shi daga cinikin, a sa dillalai biyu su yi masa kuɗi a gaban kowa, mu jikoki mu saya daga hannunku, a mayar da shi wakafi da sunanta, a rubuta a gaban alƙali yadda ba mai iya sayarwa bayanmu. Ba baƙon abu ba ne, a Kano har hukumar zakka da hubusi gare mu. Wanda ya ga zai iya barin kasonsa sadaka ga mahaifiyarsa, Allah ya saka masa. Wanda yake buƙata a biya shi cif-cif, kuma kada wanda ya kalle shi da ido biyu. Goggo Ƙarama za a fara biya. In ta yarda ta dawo ɗakin Iya ta zauna ba haya, ta riƙe mana tukunyar, mu kuma mu riƙa kawo hatsi, to alhamdu lillahi. Ban shawarce ta ba kafin in rubuta, kada a ce mun haɗa baki.

Na san abin da za a ce. Mai tayin gaba ɗaya yake so, in an cire baya kuɗin gaba zai ragu. Gaskiya ne, ba kuma zan ce ragin ba komai ba ne. Ni dai na sa nawa kason na gadon Malam a ciki tun yanzu, ku zama shaidu. Da na ƙirga jikokin Iya da ke ɗaukar albashi ko suke da shago, na sami fiye da talatin. Matar da ta riƙe adashin unguwa da gawayi, a ce jikokinta masu waya da asusun banki sun kasa yin zubi na shekara biyu? Za a kuma ce almajirci abu ne da ya kamata a gyara, ba a riƙa ciyar da shi ba. Ni malamar makaranta ce, na fi kowa son a gyara. Amma yaron da zai tsaya a lungu yau da magariba ba zai ci gyara ba.

Maganar kalanda kuwa, don Allah a bar ta. Iya ba ta son hoto, wanda ke fasfonta ma sai da aka yi da gaske. Kuma duk mun san ƙarshen kalanda: shekara na juyawa a ba mai ƙosai ta yi ƙunshi. Kuɗin bugawar zai sayi buhun gero. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gaya mana abubuwa uku da ba sa yankewa bayan mutuwa: sadaka mai gudana, da ilimin da ake amfana da shi, da ɗa na gari mai addu'a. Baffa Babba ya fi ni sanin hadisin, a bakinsa na fara ji.

Wani abu kuma ga ƙannena masu riƙe da waya dare da rana. Duk tsawon zamana da Iya, muryarta da nake da ita minti goma sha ɗaya ce, ita ma wani yaro ne ya ɗauka tana yi masa faɗa. Kullum ina cewa sai an yi hutu zan zauna in ɗauki labarinta. Goggo Babba tana nan da ranta, ƙawar Iya ta gidan da ke kallonmu ma tana nan, hankalinta garau. Ku je ku zauna, ku tambaye su yadda ake shiɓa, da waƙoƙin daka, da sunayen yaran nan shida da suka mutu, don ni uku kawai na riƙe.

Baffa, mabuɗin ɗakin yana hannun Goggo Babba, ba a taɓa komai ba. Ina roƙon kada a kawo dillali sai an yi zama ɗaya bayan Sallah, a tsakar gida, inda mata za su ji da kunnensu. In bayan an ji ta bakin kowa kun ga sayarwa gaba ɗaya ita ce daidai, ku ne iyaye, ba za ku sake jin bakina ba. Sai dai in nemi alfarmar a bar ni in shiga in ɗauki hoton bangon kafin a rushe.

Azumi saura kwana tara. Kun san duk shekara kunun tsamiyar buɗa-baki na masallacin lungu daga madafin Iya yake fita, kuma jiya ladan ya aiko yaro yana tambaya, cikin jin nauyi, ko bana su nemi wani wuri. Na ce a gaya masa kada su nema. Na auno gero kwano goma, tsamiya na nan da ta rage a ɗakinta. Abin da ban iya ba shi ne ɗaga tukunyar ni kaɗai, don haka duk wanda ke kusa ya zo ranar jajibiri da la'asar, ta ƙofar lungu.

Wassalam.

'Yarku, takwarar Iya.